Ƙwallon Marigayi Fikri

An taɓa ɗinke hannun jakar da koren zaren kamun kifi, amma sai yau Nirmin ta lura, da nauyi ya sa zaren ya fara cin yatsunta. Ta sauke jakar a tsakanin ƙafafunta cikin taragon mata, ta matse ta da idon sawu don kada ta gangara duk lokacin da jirgi ya ci birki. Wata tsohuwa da ke zaune ta tambaye ta ko kankana ce, ta ce in kankana ce to ta iya zaɓe. Nirmin ta yi murmushi kawai.

Ƙwallon bolin ne, irin mai nauyin da ake gangarawa a kayar da kwalaben katako, na mahaifinta, Fikri, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Duk ranar Alhamis yakan ɗauki jakar nan ya tafi wasa da abokan aikinsa na gidan waya, ya dawo yana lissafa kwalaben katakon da ya kayar, ba mai saurarensa. Bayan rasuwarsa mahaifiyarta, Hajiya Afaf, ta goge ƙwallon, ta buɗe nish, kabad ɗin gilashin falo inda kofunan aurenta suke jere ba a taɓa shan ko ruwa da su ba, ta matsar da butar shayi ta ɗora shi a tsakiya kan ɗan faranti. Tun daga ranar ba wanda ya ɗaga shi.

Shekaranjiya Lahadi Hajiya ta buɗe wa Ummu Ragab nish don ta goge kofuna, ita kuma ta shiga ɗaki ta tayar da sallar la'asar. Ummu Ragab ita ce ke yi musu aikin gida, shekara goma sha tara ke nan. Hajiya tana raka'a ta biyu ta ji ƙara daga falo kamar an karya busasshen icce. Da ta idar ta fito, ta tarar da ƙwallon a kan farantinsa ya tsage kusan zagaye, Ummu Ragab kuma tana tsaye da tsumma a hannu. Ummu Ragab ta rantse da Allah, ta rantse da ran ɗanta, ta ce ko yatsanta bai kai kansa ba, tana kallo ya yi da kansa. Hajiya ta ce dutse ba ya fashewa da kansa, yar da shi ta yi ta mayar kafin a idar da salla. Ta ce ba ƙwallon ne ya fi ƙona mata rai ba, ƙaryar ce. In ta amsa laifinta an yafe mata, in kuwa ba ta amsa ba zuwa yammacin Talata, ta nemi wani gidan.

Yau ce Talatar. Nirmin ba ta iya musu da mahaifiyarta, ba ta taɓa iyawa ba. Amma jiya da ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta durƙusa ta bi tayil ɗin falo ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. Abu mai kilo bakwai ya faɗo daga tsayin ƙirji, ai ko tayil ɗin ya kamata ya nuna. Ba ta ga ko kwarzane ba. Wannan ne ya hana ta sukuni, har ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata safiyar yau.

Gidan wasan yana ƙasan wani babban kanti a unguwar Madinat Nasr. Da hantsi ba kowa sai mutum ɗaya da ke tura injin shafa mai a kan layukan katakon da ake gangara ƙwallo. Ya nuna mata wani ɗan shago a bayan wurin karɓar takalma, ya ce ta tambayi Milad.

Ta same shi yana cin burodi da wake a kan jarida, tsoho mai farin gashin baki, tabarau a goshi. Ya goge hannu, ya ciro ƙwallon, bai ko dubi tsagar ba sai ramuka ukun da ake sa yatsu. Ya auna tazararsu da ɗan yatsansa.

"Wannan ni na huda shi. Na Fikri bahago ne."

"Mahaifina ne."

"Allah ya jiƙansa. Ya iya surutu, wasan ne dai a hankali." Ya sauke tabarau ya dube ta. "Ke ce wadda ke karatun magani? Ya ishe mu da labarinki, 'yata. Duk wanda ya yi tari a nan sai ya ce a jira ki gama."

Nirmin ta sunkuyar da kai. Da kyar ta faɗa masa abin da ya kawo ta: ba gyara take nema ba tukuna, so take ta san ko yar da shi aka yi.

Milad ya ɗora ƙwallon a kan wani zobe na roba, ya kunna fitilar tebur, ya riƙa juya shi sannu a hankali. Ya ce ƙwallon da aka yar yana da tabo, wuri ɗaya da ɓawon ya ɓare ko ya yi fari, kuma daga nan tsaga take tashi ta yi rassa. Ya kama yatsanta ya bi da shi kan tsagar tun daga farko har ƙarshe. Layi ɗaya ne, sumul, ya taso daga siririn wurin da ke tsakanin ramukan yatsu biyu. Ya ce a nan yawanci take farawa, don nan ne ya fi rauni, kuma shi ma yana da nasa kason laifin, domin ya faɗa wa Fikri ramukan sun yi kusa da juna, Fikri ya ce haka hannunsa yake so.

"To me ya fasa shi, Kawu?"

Ya sunkuya ya jawo abin da ya tokare ƙofar shagon da shi. Rabin ƙwallo ne da aka yanka da zarto. Nirmin ta zaci za ta ga abu ɗaya cunkushe, sai ta ga uku: a tsakiya wata ƙwaya mai nauyi, siffarta kamar ƙwan lantarki, a kewaye da ita wani farin abu kamar alli, sannan ɓawo mai launi wanda kaurinsa bai wuce yatsa ba. Ya ce ukun nan ba halinsu ɗaya ba. In zafi ya zo kowanne yana kumbura gwargwadon nasa, in sanyi ya zo ɓawo ne ke fara tsukewa alhali ciki yana nan da zafinsa. Rabin cinikinsa, in ji shi, daga samarin da ke barin ƙwallo a but ɗin mota ne a watan Agusta, su shigo da shi cikin sanyin nan kai tsaye.

Daga nan ya shiga yi mata tambayoyi kamar likita. A ina ake ajiye shi? Rana tana kai wa wurin? Ta ce daga azahar hasken baranda yana sauka a kan gilashin nish, har kofunan su yi ɗumi. Ya tambaya ko akwai sanyi kusa. Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna. Ita ce ta sa aka kafa iyakwandishan a falo watan jiya saboda hawan jinin Mama, kuma ita ta zaɓi bangon, wanda ke fuskantar nish daidai.

"Kenan da aka buɗe gilashin..."

"Iska mai sanyi ta sami ƙwallo mai zafi. Amma kar ki ɗora wa kanki duka. Sau nawa ake juya shi?"

"Juyawa?"

"Juyawa dai. Ko sau ɗaya a mako."

"Shekara shida ba a taɓa shi ba."

Milad ya girgiza kai, ya ce to ai ya yi haƙuri ma da ya kai yanzu. Ɓawon nan bai daina bushewa da tsukewa ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma in nauyin duka ya zauna a wuri guda shekara da shekaru, ƙarshenta sai ya dare. Wanda ake wasa da shi yana shan man layi, yana juyawa, yana daɗewa. Wanda za a ajiye kuma a sa shi a leda a ɗaure, a kai shi ɗakin da ba rana ba sanyi, a ɗora a kan zobe, duk wanda ya wuce ya ɗan murza shi.

Ta tambaye shi gyara. Ya ɗauko wani ƙwallon ya nuna mata wani ɗan layi da sai an kara da fitila ake gani. Ya ce ƙaramar tsaga irin wannan yakan huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya rarake ta, ya zuba gam, ya bar shi kwana ɗaya, ya bi da samfefa har ya yi santsi. Amma na Fikri ya zura siririyar waya a ciki, ta shige har ƙwaya. Zai iya cike shi ya yi kyau a ido, amma ba zai sake hawa layi ba.

Nirmin ta duba agogo. Ta ce a bar shi haka tukuna, abin da take roƙo shi ne ya rubuta mata duk abin da ya faɗa. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa neman takardar asibiti a wurinsa ba. Da ta gaya masa dalili ya daina dariyar. Ya juya bayan wata takardar rubuta maki ya cika ta da rubutu, ya sa hannu, sannan ya lalubo hatimin shagon a aljihun tebur, ya hura masa iska ya danna da ƙarfi.

"Ba hatimi, ko ni ba zan yarda da ita ba," in ji shi.

Ta isa gida a unguwar Shubra ana kiran la'asar. Ƙanshin miyar lalo ya cika matakala. Hajiya tana falo da carbi, na'urar sanyi tana ta aiki. Ummu Ragab ta gama girki ta wanke tukwane, tana zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar kicin, hannuwa a cinya. Da alama tun safe ba su yi wa juna magana ba.

Nirmin ta kashe na'urar, ta ajiye jakar, ta miƙa wa mahaifiyarta takardar. A hanya ta shirya yadda za ta fara da nata laifin, ta sassauta zancen shekara shidan, amma Milad ya riga ya rubuta komai, har da lamba ɗaya, biyu, uku. Hajiya ta sa tabarau ta karanta sau biyu. Ta daɗe tana kallon nish. Sannan ta karkata takardar wajen haske ta duba hatimin, ta tambaya ko Milad ɗin nan ne da marigayi yake yawan ambata. Nirmin ta ce shi ne.

"To, shi ke nan." Hajiya ta cire tabarau. "Ummu Ragab, kin ji. Ba ke ba ce. Ga shi a rubuce, har da hatimi."

Ummu Ragab ta taso ta karɓi takardar da hannu biyu. Ba ta iya karatu ba, amma ta dube ta daga sama har ƙasa, ta shafa wurin hatimin da babban yatsa.

"Shi mutumin, ya san ni?"

"Bai san ki ba, Inna," in ji Nirmin.

Ummu Ragab ta gyaɗa kai, ta mayar wa Hajiya takardar. Hajiya ta ce abin da ya wuce ya wuce, shaiɗan ne ya shiga tsakani, a ɗora musu shayi, kuma ranar Alhamis ta zo da wuri don labule suna son wanki. Muryarta ta yi laushi fiye da kullum. Nirmin ta san iyakar abin da mahaifiyarta za ta iya ke nan.

Shayin ya zo a kan tire, kofi biyu, sukarin Hajiya a gefe kamar yadda take so. Hajiya ta sa Nirmin ta ciro ƙwallon ta ɗora mata a cinya. Ta zura yatsunta cikin ramukan, suka yi mata yawa. Ta shiga tambaya: wace irin leda ya ce, ɗakinta ya fi ko na baƙi, juyawar ta dama ce ko ta hagu, kuma yanzu da ya riga ya tsage akwai sauran amfani a juya shi?

Nirmin tana amsawa, amma daga inda take zaune tana hango cikin kicin. Ta ga Ummu Ragab ta sauke rigar aikinta daga ƙusar bayan ƙofa, ta ninke ta sa a leda. Ta ɗauki silifas ɗinta da ɗan kofin da take shan ruwa. Ta kwance mabuɗin gidan daga bakin mayafinta, ta ajiye shi a kan firji a hankali don kada ya yi ƙara.

Nirmin ta yunƙura za ta tashi. Ummu Ragab ta dube ta sau ɗaya, sai Nirmin ta koma ta zauna.

Hajiya tana tambaya ko Milad zai iya samo gam mai launin ƙwallon lokacin da Ummu Ragab ta ratsa ta bayan kujerarta, ta buɗe ƙofa, ta jawo ta a hankali har ta rufu.