Makullin Ɗakin Dambe

Sunana Trefor Bevan. Na bar makaranta ina yaro na shiga ramin kwal. Da aka rufe ramin sai na riƙe ɗakin damben garinmu da ke cikin kwari, a saman zauren 'yan kwal. Yanzu rufin yana yoyo, gwiwata kuma ta fara ƙin matakala. Dole in miƙa makullin ga wani, kuma mutum ɗaya na sa a rai, jikata Bethan.

Ubanta direban babbar mota ne, bai taɓa sa safar dambe ba. Ita kuwa a ɗakin nan ta tashi. Naushinta na hagu ya fi na duk namijin da na horar.

Da ta samu jami'a ta ce karatu biyu za ta haɗa, Turanci da kimiyyar wasanni.

"Turanci?" na ce. "To da wane yare kike yi mini rashin kunya tun kina rarrafe?"

"Littattafai ne, Kaka. Yadda mutane suke ba da labari."

"Ɗayan fa?"

"Yadda jiki yake aiki. Tsoka, numfashi, ƙwaƙwalwa."

Wannan na gane. Na ce a raina rabi banza ne, rabi zai dawo mana da ita.

A shekararta ta ƙarshe ta zo gida da 'yar na'urar ɗaukar murya. Aikin kammalawa aka ba ta, ta haɗe karatun biyu a ciki. Tsofaffin 'yan dambe za su ba ta labarin faɗansu, ita kuma ta gwada jikinsu da tunaninsu. Na tara mata su ranar Asabar da safe. Na sa tukunyar shayi. Matar wani ta aiko da waina mai zabibi.

Alun Guduma ya fara. Shi ne abokin horona tun muna samari.

"Zauna, 'yar boko, ki ji yadda maza suka yi," ya ce. "A zagaye na biyu mutumin ya fasa mini hanci. Na faɗi. Kakanki ya jawo ni kusurwar fage, ya matse mini soson ruwan sanyi a ƙeya, ya ce, 'Wane gari kake?' Na faɗa masa. Ya ce, 'To koma ka ci ubansa.'"

Kowa ya yi dariya. Haka muke yi a kwarin nan. Idan yaro ya sha naushi a kai, ruwan sanyi a ƙeya, a tambaye shi garinsu. In ya faɗa daidai, ya koma. Ɗan kwarinmu ba ya ja da baya. Yakan karɓi biyu ya ba da ɗaya.

Alun ya kurɓi shayi ya ce, "Zauna, 'yar boko, ki ji yadda maza suka yi." Ya sake labarin daga farko, da hancin da soson. Dariyar ta ragu. Da ya gama ya kira Bethan da sunan matata da ta rasu, ya tambaye ta ko an biya albashi a rami.

Ta rubuta abin da za ta rubuta. Ba ta ɗaga kai ba.

Da suka watse ta ce, "Saura kai, tsoho."

"Ni lafiyata lau."

"To tsaya da ƙafa ɗaya. Rufe ido."

Na tsaya. Ban san lokacin da na kama igiyar fage ba. Na ce gwiwa ce. Ta faɗi waɗansu kalmomi ta ce in riƙe, muka yi hira kaɗan, ta ce in maimaita. Na kawo ɗaya. Na ce ban saba wasan yara ba.

Na ciro makullin na ajiye a kan benci.

"Idan kin gama karatu, naki ne."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Zan karɓa, Kaka. Amma yara ba za su naushi juna a kai ba. Naushin buhu, tsallen igiya, gudu, naushin jiki. Wanda ya faɗi, ya gama na ranar, likita ya gan shi."

"Wannan rawa ce, ba dambe ba."

"Ka ga Alun."

"Alun tsufa ne. Kowa zai tsufa."

"Na saurari muryarku duka. Ga mai ba da labari ya kai tsakiya ya ɓace. Ga mai neman sunan ɗansa. Ba tsufa ba ne kaɗai."

"Littafi ne ya gaya miki."

"Ku ne kuka gaya mini."

Na ce mata ɗakin nan ya fitar da yara daga titi, ya sa marayun rami sun ɗaga kai. Ta ce ta sani, shi ya sa take so. Na ce ba a ƙarƙashin sunana za a koya wa ɗan kwarin nan ja da baya ba.

"To ba zan iya ba," ta ce. Ta sumbace ni a goshi, ta tafi ta kama motar yamma.

Ta ci jarrabawarta. Na je bikin yaye su da kwat ɗin jana'iza, ba ni da wata. Yanzu tana aiki a birni, tana koya wa masu shanyewar jiki tafiya. Tana buga waya ranar Lahadi. Muna maganar ruwan sama da gwiwata.

Kwamitin zaure sun ce da bazara za su ba masu rawar motsa jiki ɗakin. Ban yi musu gardama ba. Na fara sauke buhunan, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon ƙarfina.

Alun yana hawowa kullum da safe ya riƙe mini tsani. Sai ya tambaya yaushe yarinyar za ta fara.

Ina ce masa mako mai zuwa.