Shuɗiyar Atamfa

Agosu da bakinsa ya gayyato yayansa Tosu shagon ɗinkinsa. Da ya san abin da zai shigo ta ƙofar nan, da ya bar tsohon a gida.

Ranar Asabar za a yi babban bikin mutuwar mahaifiyarsu, shagon ya cika da atamfar anko kala biyu: shuɗiya ta 'yan gida da surukai, ruwan goro ta abokai da maƙwabta. Duk Kwatano ba mai ganin shuɗiya a jikin mutum ya tambayi matsayinsa. Shi ya sa da ɗansa Mahuton, mai karatu a jami'a, ya bugo waya ya ce a ajiye masa shuɗiya ta mutum ɗaya, Agosu bai jira bayani ba, ya baza wa dangi cewa yaro ya samo mata.

“In gajeruwa ce irin matarka, ai mun ci arahar yadi,” in ji Tosu yana fifita da kwali.

Babur ya tsaya. Mahuton ya shigo da wani dogon saurayi mai tabarau, suka durƙusa suka gaishe su.

“Baffa, wannan Jildas ne.”

“Madalla,” in ji Tosu. “To amaryar fa? Ko ɗan acaɓa ya wuce da ita?”

Mahuton bai yi dariya ba. “Baba, mu ɗan shiga ciki.”

Bayan labule wuri ne da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, ga dutsen guga na gawayi yana huci.

“Baba, babu wata amarya. Shi ne.”

“Shi ne wa? Yayanta?”

“Shi nake so, Baba. Na gaji da yi maka ƙarya.”

Agosu ya dafa bango. “Rage murya. Wa ya sani?”

“Akwai irinmu a makaranta, mukan haɗu wurin wata malama. Bara da na daina cin abinci, na daina shiga aji, su suka riƙe ni. Su suka ce kada in zo ni kaɗai.”

“Bara? Da na ce karatu ne ya ramar da kai?”

“Eh.”

“Ina raye, bare suka riƙe ka?”

“Da na faɗa maka, da ka riƙe ni?”

Agosu ya waiwaya wajen labule. Tosu ne babban gida, maganarsa ita ce ta kakanni. In ya ce yaro ya fita daga dangi, ya fita, ko kabari ba zai samu a gidan ba. Shagon nan ma a filin gidan yake.

“Ba na neman ka yi shela,” in ji Mahuton. “Amma in ruwan goro ka ɗinka masa, ni ma ba za a gan ni ba.”

Daga waje Tosu ya ɗaga murya. “Kai tela, wane ƙus-ƙus ne haka? Baƙonku zai kashe ni da ladabi.”

Agosu ya fito, ya zare tef ɗin awo daga wuyansa. Ya ɗora shi a kafaɗar Jildas. Ɗan wani ne shi ma, wuyan rigarsa har ya fara cinyewa.

“Tsaya daidai, ɗana. Ba yanka ka zan yi ba.”

“Abokin ango ne, ko?” in ji Tosu. “A ba shi ruwan goro. Ita kuma a gaya mata muna jira.”

“Yaya, a bar mini aikina.”

Da suka watse, Agosu ya daɗe tsaye gaban tebur, almakashi a hannu. Can ya jawo shuɗiyar, ya shimfiɗa, ya yanka riga ta namiji. 

Ko zai iya miƙa rigar, da abin da Tosu zai ce in ya gan ta a jikin yaron ranar Asabar, wannan Agosu bai sani ba.