Ranar da Shamuwa Suka Bar Maɗacin Malam

Tun da aka kawo Na'inna gidan Malam Abdulƙadiri a Kontagora, ba ta taɓa ganin damina ta kama ba shamuwa a kan tsohon maɗacin tsakar gida ba. Kashinsu ya ishe ta, ya ɓata mata shanya ba adadi, amma wa ya isa ya kore su? Mutanen gidan sun riƙe cewa albarka ce. Sun kuma riƙe cewa duk ranar da suka tashi suka bar ƙwai a sheƙa, to, kwanan maigida ya ƙare. Surukarta har ta koma ga Allah tana rantsuwa cewa haka aka yi da mahaifin Malam.

A farkon daminar 1988 kuwa, Malam yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗakinsa yana gindin maɗacin, kuma kallon tsuntsayen nan ta ƙofa shi ne kaɗai nishaɗin da ya rage masa.

Ran nan bayan azahar gari ya yi tsit, zafi kamar an kifa wa mutane tukunya. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Na'inna tana tankaɗe ta lura kurciyoyi sun daina kuka, tsattsewa kuma suna shawagi ƙasa-ƙasa har suna neman gogar katanga. Sai ta ji fiffika a bisa kanta. Shamuwa ne, kaf ɗinsu, har da masu kwanci a kan ƙwai, suka tashi suka miƙe yamma.

Rariyar ta suɓuce daga hannunta. Bakinta sai salati. Ta leƙa ɗakin, Malam yana barci. Idan ya farka ya ga sheƙuna wayam, ai tsoro kaɗai ya isa ya ƙarasa shi.

Ta ruga zaure, inda Jinaidu, ƙanin Malam, ya kishingiɗa yana sauraron rediyon Kaduna.

"Jinaidu, taso ka kama mini mu dawo da Malam nan."

"Matar yaya, kin gaji da shi ne za ki miƙo mana kayanmu?"

Da ya kalli fuskarta sai dariyar ta maƙale, ya miƙe.

Malam ya farka a hannunsu yana faɗa. Na'inna ta tare shi da mayafi ta ɓangaren bishiyar, wai rana, ta shirga masa ƙarya cewa shara za ta yi ta turara ɗakin.

"Shara da tsakar rana? Na'inna, lafiyarki kuwa?"

Suka kwantar da shi a zaure, ta koma tsakar gida.

Kafin a kira la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta iso tun kafin ruwa, ta kwashe tabarmi da ƙoren gari, ta ɗaye kwanon maƙwabta ta wuce da shi ta saman gidan. Na'inna ta faɗo zauren da ƙyar, Jinaidu ya danne ƙofa da kafaɗa. Sai suka ji wata ƙara, ƙasa ta girgiza har ƙura ta zubo daga azara.

Da iskar ta lafa, Jinaidu ya buɗe ƙofa ya tsaya kamar an dasa shi. Maɗacin ya tuge tun daga saiwa, ya kwanta a kan ɗakin Malam. Ba rufi, ba bango, sai ƙafar gadon ƙarfe ɗaya da ta leƙo a lanƙwashe ta cikin ganye.

Malam ya ce a ɗaga shi ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ga matarsa.

"Ke, yaya aka yi kika sani?"

"Wallahi Malam ban sani ba," in ji ta, hawaye na zuba. "Shamuwa na ga sun tashi. Na zaci mutuwarka suka gani, na ɗauke ka ne don kada ka gani ka tsorata."

Ya sake duban ƙafar gadon. Muryarsa ta fito can ƙasa.

"Ai ita suka gani, Na'inna. Ba ta same ni a ɗakin ba ne."