Umm Mishal a Hoton Kwarin Shu'aib

"Baffa, wannan kyamarar har yanzu tana aiki?" in ji Mishal. Yana jujjuya ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kai 'ya'yan kabewa baki, ɓawon kuma yana tofarwa a ɗan farantin da muke ajiye wa ubansa magani.

Ni hankalina yana kan ubansa, Abu Mishal. Ina tallafe da kansa, tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa na goge masa baki na mayar da shi kan matashi. Kwana biyu ke nan da saukar Mishal daga Dubai bayan shekara huɗu bai leƙo garinmu Salt na ƙasar Jordan ba, kuma tun zuwansa turarensa ya hana mu shan iska a ɗakin. Ni dai tun yana ƙarami bai kwanta mini a rai ba, girma kuwa tumbi kawai ya ƙara masa.

Shekara talatin da ɗaya ni da Abu Mishal muna hawa matakala ɗaya, ƙofarsa na kallon tawa. Ni direban tasi, shi mai hoto, amma ba hoton biki ko na fasfo ba. Duwatsu da kwaruruka yake ɗauka. In na kai shi bakin tudu sai ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya ɗauka, ya ɗan juya ta dama, ya sake ɗauka, kowane hoto na cin sulusin wanda ya gabace shi. In mun dawo ya ɗinke su a kwamfuta su zama hoto guda, dogo kamar dardumar sahu. Dokarsa ɗaya ce, kada kowa ya motsa sai ya gama. Ko atishawa na yi sai na sha harara.

Matarsa Umm Mishal ce kaɗai ba ta jin wannan doka. A fitarmu ta ƙarshe da ita, a Kwarin Shu'aib, yana tsakiyar ɗauka ta taso daga gindin zaitun da butar shayi ta ratsa ta gabansa. Ya kama faɗa, ta ce, "Duwatsunka ba guduwa za su yi ba. Shayi ne ke hucewa." Cikin hotuna goma sha huɗu ta shiga uku, kuma ko'ina a bakin hoto ta faɗa. A ɗaya rabin fuska, a wani ƙeya da kafaɗa, a na uku hannu da buta. Da kwamfuta ta ɗinke sai ta fitar da ita gutsi-gutsi. Ya ji haushi ya watsar da aikin. Bayan wata biyar ta rasu. Ga shi ita mace ce da ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba, shekara arba'in tana auren mai hoto amma ba ta da ko guda in ban da na katin shaida.

Tun da likita ya ce a mayar da shi gida, Abu Mishal bai da wani buri sai ya haɗa ta da hannu, ya gan ta cikakkiya kafin ya tafi. Hannunsa rawa yake, don haka ni ke riƙe linzamin kwamfutar shi yana ba da umarni.

"Hagu kaɗan. Haba Abu Ƙusai, ka cinye mata kunne. Haka kake tuƙin?"

"Shekara talatin ina yawo da kai, na taɓa jefa ka rami?"

Mako biyu muna wannan fama. Mun samo fuska, mun samo kafaɗa, saura hannun da ke riƙe da buta.

A ranar da Mishal ke jujjuya kyamarar, da numfashin uban ya daidaita, ya ce, "Gobe mu gama hannun." Mishal ya leƙo allon yana tauna.

"Baba, wai kwana nawa kuke kan abin nan? Aikin minti biyu ne fa."

"Kada ka taɓa," in ji uban. Amma muryar ba ta fita sosai ba, Mishal kuwa har ya koma kan wayarsa.

Na sauka sallar la'asar, na biya kantin magani. Da na dawo na tarar Mishal ya ɗora wa uban kwamfuta a cinya, shi yana tsaye yana washe baki.

"Baffa zo ka ga aiki. Na gyara muku."

Ga kwari nan fes, ga zaitun, ga hanya tana gangarawa. Inda muka bar ta kuwa ciyawa ce da duwatsu.

"Ina matar da ke nan?"

"Wacce, mai rabin jikin nan? Wata ce ta gifta ta ɓata wa Baba aiki. Akwai manhajar da ke cire irinsu, taɓawa ɗaya."

"Uwarka ce."

Ya daina tauna. Na ɗauka zai zauna, ko ya dafe kai. Sai ya ce, "To ai ba wanda ya gaya mini." Ya sake duban allon. "Allah ya jiƙanta. Amma ka ga dai yanzu ya fi fitowa."

"Na asalin fa, goma sha huɗun?"

"Na share tarkacen duka, har kwandon sharar kwamfutar na zubar. Su ne suka sa na'urar nauyi."

Na sha ɗaukar bugaggu a tasi, na wanke amansu da hannuna, amma ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam irin ta wannan la'asar ba. Uwar da ta yi renonsa, ya dubi fuskar da muka yi mako biyu muna harhaɗawa bai gane ta ba. Sai da na fita baranda na tofar da yawu kafin na iya komawa ɗakin.

Abu Mishal yana nan yadda na bar shi, idonsa a kan allon. Na ce masa akwai wani mai gyara a Amman da ake cewa yana dawo da abin da aka share, gobe zan kai masa.

"Rufe ta," ya ce.

Na rufe. Ya juya fuskarsa bango, bai ƙara tayar da zancen ba. Washegari da hantsi ina cusa kwamfutar a jaka na ji numfashinsa ya sauya. Na ajiye jakar na riƙe hannunsa ina laƙana masa shahada. Mishal yana wanka lokacin da ubansa ya cika.

A zauren danginsu aka yi zaman makoki. Mishal ya sa aka buga hoton, mita uku, ya rataye shi a bayan kujerun manya. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ja shi gaban bangon. "Aikin Baba na ƙarshe ke nan. Bai samu gamawa ba, ni na ƙarasa masa." Mutane na kurɓar gahawa mai ɗaci suna cewa masha Allah, ɗa na gari. Da aka kawo tiren mansaf, shinkafa da naman rago, ban sa hannu ba. Kwana biyu a bakin ƙofa na zauna, na ba hoton baya.

A rana ta uku, da jama'a suka ragu, na tashi na je gabansa. Na sa tabarau na nemi gindin zaitun ɗin, na bi da yatsa zuwa dama. Ciyawar da manhajar ta shuka a wurin ba ta ma yi kama da ta kwarin ba. Amma daga ƙasanta, a kan jar ƙasa, akwai inuwar da ba a share ba. Rana a bayanta take, inuwar ta faɗi cikin hoto guda ba ta yanke ba: mayafi, kafaɗa, riga har ƙasa, da hannu a miƙe da buta.

Mai zuba gahawa ya zo ya tsaya a gefena da ƙaramin kofi a hannu, yana jira in juyo.