Bencin Gidan Ormsby

Da kwamitin cocinmu na Thornby Ash ya yanke shawarar kwashe tsofaffin bencuna a zuba kujerun roba, kowa ya yarda sai Cuthbert Ormsby. Bencin gaba, na jikin ƙaramar ƙofa, nasu ne tun kaka da kakanni, har da sunansu a sassaƙe. Shekara talatin ina jera furanni a cocin nan, ban taɓa ganin ya bar wani ya ɗora ko hula a kai ba.

"Mabel, a da talaka ba ya zama a gaba," ya ce da ni. "Sai mai asali."

Takin zamani ya sayar har ya tsufa, amma in yana tafiya sai ka ce shi ya kafa ƙauyen. Haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba.

Rabaran Pruett ta ce in ya kawo shaidar bencin na da tarihi, za a bar masa. Wata uku Cuthbert yana goge duwatsun kabari da buroshin haƙori, matarsa Winifred na binsa da shayi a filas. Ya zana salsalarsu a doguwar takarda har zuwa wani Josiah Ormsby, shekara ɗari uku baya. Nan ya tsaya, don rubutun tsohon littafin coci ya gagare shi karantawa. Sai ya ɗauko wata ma'aikaciya daga gidan adana tarihi, ya gayyaci duk ƙauye, ya sayi kek. Bai ko nemi ta karanta masa a keɓe ba.

Matar ta gyara tabarau. "An naɗa Josiah Ormsby mai korar karnuka," ta ce. "Manoma da karnukansu suke zuwa coci a lokacin. An ba shi bulala, da benci kusa da ƙofa don ya riƙa jefa su waje. Ɗansa ya gaje shi, jikansa ma haka."

"Ba a ambaci sarauta ba?" in ji Cuthbert.

"Gaba kaɗan an ce kare ya ciji Josiah a cinya."

Winifred ta duƙar da kai tana share ɓurɓushin kek daga siket.

Rabaran kuwa murna ta kama ta, wai irin bencin nan bai fi biyu ba a duk gundumar. Aka kwashe sauran, aka bar nasa, aka manna allon tagulla mai bayani, aka rataya bulala a sama.

Cuthbert bai fasa zama a ciki ba, ina zai je? Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar huɗuba, karen tsoho Dennis ya leƙo ta ƙaramar ƙofa. Ba wanda ya yi dariya. Mu duka, har da Rabaran, muka juya muka zuba wa Cuthbert ido muna jira.