Ruwan Alwalar Inna Tabawa

Shekarar da gulbin Yamai ya janye har shanu ke ƙetare shi da ƙafa, magana ta bazu a unguwar Harobanda cewa Mushe Illo, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana sa yara su tara masa ruwan alwalar tsofaffi. Wai wanka yake yi da shi don sojojin da ke mulki su ɗaga shi ya zama direktan lakwal.

Rabin maganar kam Inna Tabawa ta gani da idonta. Duk sanda ta zauna alwala, sai jikarta Balkisa ta turo tasa ƙarƙashin ƙafafunta, ta juye abin da ya taru a wata jarka, da safe ta saɓa ta nufi lakwal.

"Inna, cire ta zan yi," in ji ɗanta Mutari, uban yarinyar. "Kowa na faɗa."

"Kowa ya taɓa faɗa allurar ƙyanda na hana haihuwa," ta ce, don ungozomar asibiti ce kafin ta huta. "Waɗanda na yi wa, ga ƴaƴansu nan sun hana mu barcin rana. Ka dakata in je. In ma asirin ne, da ruwana ake yi, ai ina da ta cewa."

Washegari ta ja sandarta ta bi yarinyar. Bayan azuzuwa ta iske shingen kara, a ciki yara sun duƙa kan ƙananan fangaloli, kowa da jarkarsa. Mushe Illo ya taso, wandonsa duk laka, ya rusuna.

"Daga sama aka ce kowace lakwal ta yi lambu, Inna. Ba a dai ce ga ruwa ba. Yaran ne suka lura na alwala ƙasa ke shanyewa a banza."

Balkisa ta kamo hannunta. Ashe kowane fangali da sunan mai ruwansa ake kiransa. Suka tsaya kan wani da salatinsa ya langaɓe.

Balkisa ta ce, "Na Baba Shu'aibu tela ne. Jikansa ya ce alwala ɗaya ke kai shi har isha'i."

"Rufe bakinki, ja'ira. Ina nawa?"

Nata zogale ne, ya kai ƙirjin mutum, tumatir na ja a gindinsa.

"Ke kika zo ta ɗaya, Kaka. Kin fi kowa ɓarnar ruwa."

"Ɓarna? Nafilfilin da nake yi don Allah ya shirya min ke?"

Ba ta tafi ba sai da rana ta take. Yaran suka dafa ganye, suka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, aka zauna da'ira. Cikinsu har da ƴaƴan makiyayan da fari ya koro daga arewa. Hali zanen dutse: ta riƙa jawo su ɗaya ɗaya tana buɗe fatar idonsu. Akwai jini, ba laifi.

Da la'asar Mutari ya zauna da butarsa yana jiran labari. Ta sa ƙafa ta tura masa tasa.

"Me kika gano, Inna?"

"Lambu ne. Ruwan, zogale ake ba. Yara ke ci da rana, kuma Balkisa na nan a lakwal."