Facin Sinikka

Tun da idon Eero ya yi rauni, kwamfuta ce ke karanta masa jarida yana shan kofin safe a gidansu na Tampere. Manhajar ta kyauta ce, 'yan sa-kai ke haɗa ta su rarraba. Sai dai daga sabunta ta, muryar ta koma haɗiye ƙarshen dogayen kalmomi.

Matarsa Sinikka, tsohuwar malamar lissafi, ta ce ba za ta saɓu ba. Ta yi makonni tana lalube har ta gano layin da ya lalace a rubutun manhajar, ta gyara, ta tura wa masu kula da manhajar fayil ɗin ɗungurungum.

Ɗaya daga cikinsu, wata Femke daga birnin Utrecht, ta amsa mata: "Kin gano ciwon! Amma faci muke karɓa, wato layukan da kika canza kaɗai, tare da dalili."

"Yau malama ta sha jan biro," in ji Eero, yana ƙyaƙyata dariya.

"Ci gaba, tsoho, rediyo za ka koma."

Femke ba ta gaji da ita ba. Ta koya mata haɗa facin, da gwada shi kafin turawa. Aka sake dawo mata da shi, ta gyara, sannan ya shiga.

Ran nan Femke ta tambaye ta ko za ta duba koken wani makaho daga birnin Oulu a kan manhajar.

"Ina ni ina lokaci?" Sinikka ta ce.

Eero ya tura mata burodi da man shanu. "To, yatsun wa nake ji suna ƙwanƙwasa kwamfuta?"